Abin da ya kamata ku sani kafin ku canza wa filogi mai Wi-Fi manhaja

Filogi mai Wi-Fi ɗan ƙaramin abu ne da ake sokawa a soket, a jona firiji ko fanka a jikinsa. Daga waya ake kunna shi a kashe, wani ma har yana nuna yawan wutar da kayan ke sha. Sai dai a galibinsu, umarninku sai ya bi ta sabar kamfanin kafin ya iso ɗakinku. In intanet ta yanke, ko kamfanin ya rufe sabarsa kamar yadda Insteon na Amurka ya yi a 2022, sai ku kira filogin ya ƙi amsawa.

Mafita ita ce a goge manhajar da ya zo da ita, a ɗora masa ta kyauta wadda kowa ke iya dubawa ya gyara. Mafi shahara ita ce Tasmota ta Theo Arends, sai ESPHome. Da su, filogin yana aiki a kan Wi-Fi na gida kawai, bayanan wutarku kuma ba sa fita waje.

Ku fara da binciken ƙwaƙwalwar da ke ciki. Tasmota na buƙatar ESP8266 ko ESP32 na kamfanin Espressif. Filogin kamfanin Tuya da yawa sun koma ƙwaƙwalwar Beken, su kuma OpenBeken ce ta dace da su.

Ana buɗe filogin, a haɗa shi da kwamfuta ta wata 'yar na'urar USB mai wayoyi huɗu: 3.3V, GND, TX da RX. In ESP ce, a haɗa ƙafarta mai suna GPIO0 da GND yayin ba shi wuta, sannan a tura manhajar. Kada ku kuskura ku yi wannan yana soke a soket. Wutar gida na iya bi ta wayoyin ta ƙona kwamfuta, ta kuma kashe mutum.

Bayan nan sai a rufe filogin, in yana da ma'aunin wuta a daidaita shi, domin yakan zo da kuskure. A jona kwan fitila na wat 60 mai zare, a auna ƙarfin wutar da mita, a shigar da lambobin ta umarnin PowerSet da VoltageSet na Tasmota. Mai sola da inbata zai ga amfanin wannan, don zai san ainihin abin da ke cinye masa batir.

Buɗe filogi na iya soke garanti. Wanda hannunsa bai saba da kayan lantarki ba, gara ya sayi irin na Athom, wanda ke zuwa da Tasmota a ɗore.