Kafin Ka Sayi Tikitin Cairns, Ƙirga Kwanakinka da Kyau

Abin da ya sami ɗan yayata ne ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon. Yaron yana karatun digiri na biyu a Brisbane ta ƙasar Ostareliya. Da suka gama jarrabawa, shi da abokansa biyu suka shirya zuwa Cairns, wani gari a arewacin jihar Queensland. Daga can ne ake shiga teku kallon duwatsun murjani, daga can kuma ake shiga kurmin Daintree. Suka ga tikiti mai araha, a tashi Juma'a da yamma, a dawo Litinin da asuba, suka yi wuf suka saya. A bakinsu kwana uku ke nan. Amma duk wanda ya ƙirga da yatsunsa zai ga wuni biyu ne kacal, Asabar da Lahadi.

Ranar Asabar suka bi motar 'yan yawon buɗe ido zuwa kurmi, suka fita da hantsi, ba su dawo ba sai bayan isha'i, a galabaice. Lahadi da safe suka hau jirgin ruwa. A cikin jirgin aka raba musu takardar da duk mai son yin nutso da tukunyar iska yake cikewa, wadda ake tambayar lafiyar mutum a ciki, ake kuma tambayar yaushe zai hau jirgin sama. Ɗan namu ya riga ya ji malamin nutso yana gaya wa wata mata cewa ba za ta shiga ba tunda gobe da safe za ta tashi. Sai ya ɗauki biro ya rubuta Talata. Ya yi nutso sau biyu, ya fito na ƙarshe wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, ya ɗauki hotuna ya watsa a WhatsApp na dangi, muna ta yi masa barka. Ƙarfe shida na asubar Litinin yana cikin jirgin sama.

Tun suna sama kafaɗarsa ta fara ciwo kamar ana huda ta da ƙusa, yatsun hannunsa suka riƙa yin kamar tururuwa na tafiya a ciki. Ya ce nauyin tukunyar iska ne. Da ya isa gida ya shafa man zafi, ya sha maganin ciwon jiki, ya kwanta. Allah ya sa abokin zamansa ya san abin, ya matsa masa sai da suka je asibiti, aka sa shi cikin wani ɗakin ƙarfe mai kama da tankin mai, aka matsa iska a ciki, ya yi sa'o'i yana shaƙar iskar oksijin. Ya warke, alhamdulillah. Da na kira shi na ce, "Kai yanzu don Allah me ya kai ka yin ƙarya a takardar da aka rubuta don ranka?" Sai ya ce, "Wallahi Kawu, kuɗin jirgin ruwan na riga na biya, kuma ba ni da wata ranar."

Wannan amsa tasa ita ta fi ba ni haushi, domin gaskiya ya faɗa. Ba shi da wata ranar, amma shi ya hana kansa ita tun ranar da ya sayi tikiti. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni, ya ƙetare rabin duniya, sannan ya zo yana ƙyashin ƙarin kwana biyu a masauki. Wannan ba tattali ba ne, ganganci ne.

Yadda abin yake ba wuya. Iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. A ƙarƙashin ruwa, kowace mita goma da ka nutsa, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke danne mu a doron ƙasa, sai naitirojin ta riƙa narkewa cikin jini da tsoka. Idan ka fito, jiki yana bukatar lokaci ya fitar da ita sannu a hankali ta numfashi. Cikin jirgin sama kuwa iska ba ta da nauyi kamar ta ƙasa. Kamar kana kan tsauni ne mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, wanda ya fi tudun Jos nesa ba kusa ba. Duk wanda ya taɓa girgiza kwalbar lemo ya buɗe ya ga abin da ke faruwa. Kumfar nan ita ke tashi a gaɓoɓi, wani lokaci a laka ko a ƙwaƙwalwa, kuma tana iya shanye wa mutum ƙafafu. Ƙungiyar Divers Alert Network, wadda masu nutso a duniya ke bin ƙa'idojinta, ta ce wanda ya yi nutso sau ɗaya ya jira aƙalla awa 12 kafin ya hau jirgi, wanda ya yi fiye da sau ɗaya ko ya jera kwanaki yana yi ya jira aƙalla awa 18. Malaman nutso da yawa cewa suke a cika awa 24 a huta. Ɗan yayata bai kai awa 16 ba.

Kuma kada a ɗauka jirgin sama ne kawai. Bayan Cairns akwai tudun Atherton, inda ake zuwa kallon tafkuna da magangarar ruwa, kuma wasu sassansa sun haura mita 700. Wanda ya yi nutso yau ya hau can da yamma, ko ya shiga balan-balan mai tashi da mutane washegari da asuba, shi ma ya saka kansa cikin hatsarin. Don haka ranar da ke bin ranar nutso, ranar zama a ƙasa ce. Ita ce ranar da masu gaggawa ke mantawa da ita a lissafi.

Ni a ganina lissafin kwanakin Cairns daga baya ake fara shi, daga ranar tashi. Ka cire ranar tashi, ba taka ba ce. Ka cire wunin da ke gabanta, ba a nutso a cikinsa. Ranar isowa ma ka cire ta. Wanda ya taso daga Kano ko Abuja ba shi da jirgi kai tsaye, sai ya sauya jirgi sau biyu ko uku, ya yi fiye da kwana guda a hanya, sannan ya tarar agogon Queensland ya riga na Nijeriya da awa tara. Lokacin da jirgin ruwa ke tashi ƙarfe takwas na safe, jikinka yana ganin ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne. Mai gajiya, wanda jikinsa ya bushe da ƙishirwar jirgi, ba shi ne ya kamata ya goya tukunyar iska ya faɗa teku ba. Idan ka gama wannan cire-ciren, abin da ya rage shi ne hutunka. In bai kai wuni biyar cikakku ba, ka sake duba tikitin. Mako guda ya fi kwanciyar hankali.

Wani zai ce ai shi ba nutso zai yi ba, bututun numfashi kawai zai sa ya kwanta a saman ruwa yana leƙe. To, wannan ba ya hana hawa jirgi. Amma teku ba ta san jadawalinka ba. Mutane da yawa suna zaton da ka sauka Cairns za ka taka ruwa ka ga murjani. A'a. Bakin ruwan tsakiyar garin laka ce, shi ya sa hukuma ta gina wani babban tafkin wanka a gefen titin bakin teku. Murjanin mai kyau yana can waje, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu a jirgin ruwa mai gudu. Daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da yanayi ya fi daɗi, iska mai ƙarfi takan taso daga kudu maso gabas, jirgi ya riƙa tsalle, rabin fasinja su rungumi jakar amai. Daga Disamba zuwa Afrilu damina ce, kuma lokacin guguwar teku. A Disamban 2023 guguwar da aka kira Jasper ta jawo ruwan da ya mamaye filin jirgin saman Cairns har aka rufe shi, hanyoyin Daintree suka yanke, aka kwashe mutanen ƙauyen Wujal Wujal. Ba kullum ake irin wannan ba, amma soke fitar jirgin ruwa na wuni ɗaya abu ne da aka saba. Wanda ya sa ranar teku a farkon zamansa, in an soke sai ya matsar da ita gaba. Wanda ya ajiye ta a ƙarshe, sai ya koma gida da hoton laka.

Kuma abin da za a je gani ya cancanci a ba shi lokaci. Jerin duwatsun murjanin nan, dangin wanda kakanninmu ke ratayawa a wuya, ya kai tsawon kilomita 2,300, kuma tun 1981 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Kurmin yankin ya shiga jerin a 1988. Wurare kaɗan ne a duniya da za ka tsaya da ƙafafunka a yashi, kurmi a bayanka, murjani a gabanka, kamar a Cape Tribulation, inda jirgin Kyaftin James Cook ya daki murjani a kusa da shi a 1770, ya raɗa wa wurin sunan wahala. Daga Cairns zuwa can kusan kilomita 140 ne, amma hanya ce mai lanƙwasa, kuma sai an jira jirgin fito ya ƙetarar da mota kogin Daintree. Zuwa da dawowa a wuni ɗaya yana cin awa biyar ko shida a zaune cikin mota. Na tambayi ɗan namu abin da ya gani a kurmin. Ya ce bishiyoyi ta tagar mota, da kada guda a bakin kogi, sai askirim. Wanda ya kwana ɗaya a can shi ke da damar fita da sassafe, lokacin da kasowari, wani tsuntsu mai kama da jimina da ƙaho a ka, ke ƙetare hanya. Kuma da yake yankin bakin teku ne, ya dace a ajiye shi bayan an gama da ruwa.

In kana da sauran wuni, akwai Kuranda, ƙauyen kan tudu da ake zuwa da tsohon jirgin ƙasa a dawo ta keken igiya mai ratsa saman kurmi tsawon kilomita bakwai da rabi. Mai son sallar Juma'a a wurin da ba zai manta ba, akwai masallaci a Mareeba da Musulmi 'yan asalin Albaniya suka gina, aka buɗe a 1970. Duka biyun kan tudu suke, don haka a yi su kafin nutso, ko bayan an cika awanni.

Sauran abubuwan kiyayewa, masu wurin za su gaya maka, in dai za ka ji. Daga Nuwamba zuwa Mayu akwai wasu halittun ruwa masu kama da leda, masu dafi ƙwarai, shi ya sa ake ba da riga mai rufe jiki duka, ake kuma ajiye ruwan khal a bakin teku don zubawa a inda suka harba. Inda aka kafa allon gargaɗin kada, ba ado ba ne; kadan ruwan gishiri ba irin na kududdufin garinku ba ne.

Amma bari in koma kan takardar nan, don ita ce damuwata. Ba ranar jirgi kaɗai take tambaya ba. Tana tambayar asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon kunne. Mu kuma muna da namu na musamman, wato sikila, wadda ta yi yawa a cikinmu. Mai ciwon sikila bai kamata ya yi nutso da tukunyar iska ba sam, wanda kuma yake ɗauke da rabin ƙwayar ya ga likita tun kafin ya bar gida. Haka wanda bai iya iyo ba, kuma yawancinmu 'yan tudu ba mu iya ba, ya buɗi baki ya faɗa, a ba shi rigar da ke hana nutsewa, a sa masa ido. Ba abin kunya ba ne. Mun saba da ɗaukar kowace takarda a matsayin shingen da ake tsallakewa da dabara, mu rubuta abin da ma'aikaci ke son gani. Wannan takardar ba ta biza ba ce. Malamin nutso ba abin da zai rasa in ka yaudare shi, kafaɗarka da lakarka ne a ciki. Kuma mai inshora, in ya gano ƙarya ka rubuta, yana iya ƙin biyan ko sisi.

Iyaye masu 'ya'ya a Ostareliya, in yaro ya ce zai je Cairns, kada ku tsaya a "Allah ya kiyaye hanya". Ku tambaye shi ranar da zai shiga ruwa da awar da jirginsa zai tashi, ku ƙirga tare da shi. In tazarar ba ta kai awa 24 ba, ku ce ya ƙara kwana ko ya haƙura da nutson. Wanda kuma ya riga ya yi kuskuren ya ji ciwon gaɓa, jiri, ko mutuwar jiki bayan nutso, ya ajiye man zafi, ya nufi asibiti nan take, ya gaya musu ya shiga ruwa da tukunyar iska da kuma awar da ya fito.