Yadda Na Gyara Gidan Rezar Babana

Abin da zan yi bayani a kansa ƙaramin abu ne, amma duk saurayin da gemu ya fara tsiro masa ya san ba abin wasa ba ne. Ran Litinin da safe ake duba tsabtarmu, wanda kuwa aka samu da gashi a haɓa ya san lauje da ciyawa na jiransa. Da na shiga ajin ƙarshe sai babana ya ba ni tsohon gidan rezarsa na ƙarfe, irin wanda ake kwancewa a sa reza mai baki biyu. Na yi murna ƙwarai, amma murna ta koma ciki, domin sai in bi wuri ɗaya sau huɗu ko biyar gashi bai fita ba, fuska kuwa ta yi ta zafi kamar an shafa barkono.

Kafin in faɗi dabarar da ta fisshe ni, ya kamata mu san abin da muke riƙe da shi. Wani Ba'amurke mai suna King Camp Gillette shi ne ya yaɗa irin wannan abin aski da ake jefar da rezarsa in ta dakushe. A 1903 kamfaninsa ya sayar da guda 51 kacal da reza 168, a 1904 kuwa ya sayar da fiye da 90,000. Irin nawa kashi uku ne. Akwai murfi a sama, akwai faifai a ƙasa mai ɗan shinge a kowane gefe, sa'an nan akwai ƙota wadda ake murɗawa ta haɗa su. Idan aka ɗaure, murfin yakan ɗan lanƙwasa rezar, ya bar 'yar tazara tsakanin kaifinta da shingen. To, wannan 'yar tazara ita ce asirin askin duka. In ta yi ƙunci, fata ba ta kai wa kaifin sosai, sai askin ya zo da sauƙi amma ya bar gashi. In ta yi faɗi, askin zai yi ƙwal, amma yanka na kusa. Saboda haka ne a 1958 kamfanin Gillette ya fito da wani mai lamba 1 zuwa 9, wanda ake juyawa a ƙara tazarar ko a rage. Nawa ba shi da lamba, tazararsa kuma ta yi wa gashina ƙunci.

Ga yadda na yi da muka je hutu. Da farko na ɗauki tsohuwar rezata, na wanke ta da sabulu, na tafasa ta, na bari ta bushe. Sa'an nan na riƙe ta da filaya, na sa almakashi mai ƙarfi na yanke bakinta duka biyu, kamar milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe, har ya rage tsakiyar nan mai huda, ba kaifi ko kaɗan. Guntayen kuwa na naɗe su a takarda na jefa a masai, don kada ƙannena su taka. Bayan haka na kifa murfin a tafin hannuna, na ɗora sabuwar reza, na ɗora wadda na yanke a kanta, kana na rufe da faifan, na murɗa ƙota tam. Watau yankakkiyar ta zama matashi tsakanin sabuwar reza da faifai. Kaurin reza kamar kashi 1 cikin 10 ne na milimita, iyakar abin da matashin ya ƙara wa tazarar ke nan. Ido ba ya ganinsa, amma fata ta sani. Abin da nake bi sau biyar sai ga shi ya fita a bi biyu.

Gyara na biyu a ƙota na yi shi. Ƙarfen ya sha hannu har ya yi sulɓi, in kumfa ta taɓa shi sai ya riƙa zamewa. Na yanko siririyar roba daga cikin tsohuwar tayar keke, na naɗe ƙotar da ita, na ɗaure da zare. Tun daga ranar bai ƙara kuɓuce mini ba.

Sai dai ɗan Adam ba ya ƙoshi. Na ce a raina, in matashi ɗaya ya yi haka, ina ga uku? Ran Juma'a da hantsi na jera uku, na kafa madubi a gindin darbejiya, na ja. Kafin in ankara jini ya sauko daga ƙarƙashin leɓena har kan rigar da zan sa zuwa masallaci. Babana ya fito ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, garin gyaran gira za ka rasa ido? Cire biyu." Na ce, "To, Baba." Bayan 'yan kwanaki kuma ƙuraje suka feso mini a wuya. Dalili kuwa shi ne, gashin yawancinmu baƙar fata murɗaɗɗe ne. In an yanke shi ƙasa ainun, bakinsa mai tsini yakan lanƙwaso ya soki fata yayin da yake tsirowa, wurin ya kumbura, wani lokaci ya bar tabo. Ashe askin da ya fi ƙwal ba lalle shi ne ya fi kyau ba.

Don haka ga shawarata ga mai son gwadawa. Ya fara da matashi ɗaya, ya yi mako biyu yana lura da fatarsa kafin ya ƙara wani abu. Kada ya goge shingen da magagari, domin matashi ana cire shi, amma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa. Kada kuma ya sassauta ƙota don neman tazara, gama reza mai rawa ita ke yanka. Kafin ya kai fuska, ya duba ya tabbata kaifin ya fito daidai a gefe biyu. Ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi kamar minti 3, ya sa kumfa sosai, ya karkata rezar kamar digiri 30 daga fata, ya bi inda gashin ya kwanta, kuma kada ya danna, nauyin ƙarfen ya isa.

Abu na ƙarshe ya fi duka muhimmanci, musamman gare mu 'yan ɗakin kwana. Ba a aron reza, ko da ta yin matashi ce. Ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini, ɗan jinin da ya rage a reza kuwa ba kullum ido ke ganinsa ba. Iyaye kuma ina roƙonku ku tsaya a kan 'ya'yanku ranar askinsu na fari, yadda nawa ya tsaya a kaina.

Yanzu matashi ɗaya ne a gidan rezata, ɗan tabon kuma yana nan ƙarƙashin leɓena, duk mai son gani ya same ni bayan darasi. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu dace, amin.