Abin da Ke Karya Wuƙar Datse Ƙarfe

Cikin ayyukan da ake yi da injin sassaƙar ƙarfe, wato injin nan da ke juya ƙarfe ana fere shi har ya zama bushi ko shaf, babu wanda ke faɗar wa ɗan koyo da gaba kamar datsewa. An gama aiki, awo ya fita daidai, saura a raba shi da sauran sandar. Sai a tura siririyar wuƙa ta riƙa nutsewa cikin ƙarfen yana juyawa. Can sai inji ya kama rawa da kuka, kafin a ankara wuƙa ta ɓalle, wani lokacin har ta ɓata aikin. Nan take a ce ai jabu aka sayo. Galibi kuwa wuƙar ba ta da laifi, ɗaurin da aka yi mata ne ya yi sako-sako.

Dalilin wahalar a fili yake. Sauran wuƙaƙen injin da tsini suke ci, ɓawon ƙarfen da suka fere ya zube inda ya ga dama. Ita wannan da dukkan faɗin bakinta take ci, tana cikin rami mai bango hagu da dama, ga ta siririya, kaurinta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Ɓawo ɗaya ya maƙale a ramin, magana ta ƙare.

Wuƙaƙen iri biyu ne. Akwai ta ƙarfen HSS, wanda Frederick Taylor da Maunsel White suka gano dabarar ƙona shi a masana'antar ƙarfe ta Bethlehem da ke Amurka, suka baje kolinsa a Faris a 1900. Tana da araha, idan ta dakushe a wasa ta a dutse a ci gaba, kuma tana da haƙuri da jijjiga. Akwai kuma ɗan haƙorin kabayid da ake cusawa a bakin mariƙi. Wannan yana jure zafi da gudu, kuma an yi masa ɗan kwari a sama wanda ke naɗe ɓawon ya tsuke shi, ya fi ramin ƙanƙanta, ya fito salin-alin. Aibinsa gautsi: inji ya ɗan girgiza, bakin ya tsage. Shi ya sa mai tsohon inji na hannu, irin Colchester ko Harrison na Ingila da ya sha aiki har gaɓoɓinsa suka saki, gara ya riƙe HSS ɗinsa. Kabayid na inji mai nauyi ne mai ƙarfi. Sayen sa don kawai shi ake yayi, asarar kuɗi ce.

Wajen ɗauri ne aikin yake. Kada wuƙa ta leƙo daga mariƙinta fiye da abin da zai kai ta tsakiyar ƙarfen. Sanda mai kaurin milimita 40, rabinta 20 ne, to leƙowar milimita 22 ko 23 ta wadatar. Duk abin da aka ƙara a kan haka lanƙwasa aka ƙara, kuma ba kaɗan ba: idan aka ninka tsawon leƙowar sau biyu, lanƙwasar takan ninku sau takwas. Haka shi ma ƙarfen, a datse shi dab da cok, bakin da ke damƙe da shi. A kulle keken injin da ke ɗauke da wuƙar kada ya motsa gefe, a ɗaure duk wata ƙusa da ta saki.

Sai tsayin baki, wanda dole ya zo daidai da tsakiyar ƙarfen. Masu ƙera kabayid sukan ce kada kuskuren ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Idan bakin ya yi sama, gindin wuƙar ne zai riƙa gogar ƙarfe, ta yi zafi ta ƙi ci. Idan ya yi ƙasa, ƙarfen zai nemi hawa kanta ya finciko ta ciki. Tsofaffin ma'aikata suna da dabara: a kashe inji, a sa siririyar rula ta ƙarfe tsakanin bakin wuƙa da jikin sandar, a matse ta a hankali. In ta tsaya ƙyam, an dace. In kanta ya karkata wajen inji, wuƙa ta yi sama; in ya karkato wajenka, ta yi ƙasa. Daga nan a jingina gefen wuƙar da fuskar cok a tabbatar ta miƙe sak, domin wadda ta karkace tana shiga tana gogar bango har ta cije.

Gudu kuma a rage shi. Da HSS a kan ƙarfe mai taushi, kamar mita 15 a minti ya isa, wato rabin abin da ake fira da shi. A sanda mai kaurin milimita 50, wannan ya kama juyi kusan 100 a minti. Amma rage gudu daban, sanyin hannu daban, kuma a nan ne tsoro ke cutar da mutane. Da inji ya fara kuka sai hannu ya ja baya, wuƙa ta daina ci ta koma guga, kukan ya ƙaru. Maganin shi ne a rage juyi, a ƙara turawa, har a ga ɓawo yana fitowa a naɗe ba yankewa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi kowanne rashin yafiya: ka bar wuƙa ta goge shi na ɗan lokaci, wurin ya taurare, ba ta ƙara shigarsa. Mai kuma kada ya yanke, a riƙa ɗiga shi cikin ramin kansa.

Wasu kan kife wuƙar su ɗaura ta a bayan ƙarfen. Hikimar ita ce idan ta cije, sama take ɗagawa ta saki, kuma ɓawo ƙasa yake zubewa da kansa. Masu juya inji da baya don cim ma hakan su lura: idan cok ɗin na murɗawa ne, yana iya kwancewa ya faɗo.

Ƙarshen yanka na da nasa haɗarin. Ana matsowa tsakiya saurin ci yana raguwa har ya zama babu, don haka a sassauta turawa idan saura milimita 2 ko makamancin haka. Idan an tokare sandar da tsinin baya, a janye shi kafin a kai nan, in ba haka ba ɓangarorin biyu za su matse wuƙar. Kada a tara hannu don cafe abin da aka datse. In mai rami ne kamar bushi, a zura masa siririn rodi daga baya ya faɗa a kai. Sanda mai kauri sosai kuwa a ƙaramin inji, ba abin kunya ba ne a bar ɗan saura, a kashe inji, a ƙarasa da zarto, sannan a juya aikin a share fuskarsa.