Haɗari a wurin aiki a Kamaru: abin da doka ta tanadar wa ma'aikaci

A tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, a garejin manyan motocin da ke jigila tsakanin Duwala da Njamena, a wuraren gini na Yawunde da Garwa, Hausawa da dama na cin abinci da ƙarfin jikinsu. Idan tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu, abin da aka saba gani shi ne ubangida ya biya kuɗin allurar farko, ya ɗan ba da na cefane, ƴan uwa su ce ƙaddara ce, magana ta mutu. Bayan wata shida hannu ya ƙi miƙewa, aiki ya tafi, iyali na zaune. Yarda da ƙaddara ba ta hana mutum karɓar haƙƙinsa, kuma dokar Kamaru ta fayyace wannan haƙƙi dalla-dalla.

Dokar ita ce mai lamba 77-11 ta ranar 13 ga Yuli 1977, hukumar da ke biya kuwa ita ce asusun kula da ma'aikata, wato CNPS. Ubangida ne kaɗai ke zuba kuɗin wannan ɓangare, kashi 1.75 ko 2.5 ko 5 cikin ɗari na albashi, gwargwadon haɗarin sana'ar. Ba a cire ko dala daga albashin ma'aikaci saboda shi. Dokar ƙwadago ta 1992 kuma ta ce ma'aikaci shi ne duk wanda ke aiki a ƙarƙashin wani don a biya shi, ko ɗan wace ƙasa ne, kuma ana iya tabbatar da yarjejeniyar aiki ta kowace hanya, ko da ta baki aka ƙulla ta.

Abin da ake kira “accident du travail” ya haɗa da raunin da aka ji a bakin aiki ko saboda aiki, da wanda aka ji a hanyar zuwa aiki ko ta komawa gida, muddin ba a ratse don wata buƙata ta kai ba. Akwai kuma jerin cututtukan da sana'a ke haddasawa, su ma ana biyansu.

Matakin farko shi ne a sanar da ubangida nan take, a tafi asibiti, a karɓi takardar likita ta farko wadda ta bayyana raunin da ranar da aka ji shi. A nan mutane da yawa ke yin asara, domin wanda ya wuce kai tsaye wurin mai ɗori ba ya samun takardar da CNPS za ta karɓa. Doka ta ba ubangida kwana 3 na aiki ya kai rahoto ga CNPS. Idan ya ƙi ko ya yi sakaci, ma'aikacin da kansa ko magadansa na da shekara 3 su kai rahoton. Duk da haka jinkiri ba shi da amfani: shaidu na watsewa, takardu na ɓacewa. A rubuta sunayen waɗanda suka ga haɗarin, a adana rasiɗin magani da takardun albashi, a yi kwafin kowace takarda kafin a miƙa ta.

Idan an amince da rahoton, CNPS ke ɗaukar kuɗin magani, har da ƙafar roba ko makamancinta in ana buƙata. Muddin mutum na jinya, ana biyansa kashi biyu bisa uku na matsakaicin albashinsa na wata 3 kafin haɗarin. Mai albashin sefa 90,000 a wata zai riƙa samun 2,000 a rana.

Bayan rauni ya warke ko ya tsaya inda zai tsaya, likita ke auna naƙasar da ta rage da kashi cikin ɗari. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya yana samun kashi 85 na albashinsa, wato 76,500 ga mai albashin da aka ambata. Idan naƙasar kashi 40 ce, sai a ba shi kashi 40 na wannan adadi, wato 30,600 a wata. Daga kashi 20 zuwa sama ana biya a kai a kai. Ƙasa da haka ana ba da kuɗi dunƙule sau ɗaya, daidai da na shekara 10. Idan ma'aikacin ya rasu, matarsa da ƴaƴansa na da rabo. Shi ya sa takardar aure ta hukuma da takardun haihuwar yara ke da muhimmanci, ga shi kuwa gidaje da yawa sun tsaya a ɗaurin aure na masallaci kaɗai.

Naƙasar da ba ta da alaƙa da aiki hanyarta daban. Ana kiranta “pension d'invalidité”, kuma a ƙa'ida sai mutum bai kai shekara 60 ba, ya rasa kashi biyu bisa uku na ƙarfin neman abincinsa, ya yi shekara 5 da rajista, an kuma zuba masa kuɗin wata 6 cikin wata 12 na ƙarshe. Masu sana'ar kansu, irin su mahauta da ƴan tireda, tun 2014 suna iya shiga inshorar sa-kai ta CNPS, amma ita ta ɓangaren fansho ce, ba ta biyan haɗarin aiki.

Wanda ubangidansa bai yi masa rajista ba, ya kai kuka ofishin sufeton ƙwadago da ofishin CNPS mafi kusa, domin rajistar nauyi ce a wuyan ubangida. Wanda CNPS ta ƙi biyansa kuma, ya fara rubuta ƙorafi ga kwamitinta na sake duba hukunci, “comité de recours gracieux”, kafin ya nufi shari'a. Kada mutum ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar Faransanci da ba a fassara masa ba, musamman idan an haɗo ta da kuɗi.

Abu mafi sauƙi shi ne wanda ake yi tun ana da lafiya: kowane ma'aikaci ya tambayi lambarsa ta CNPS, ya je ofishinsu ya tabbatar ana zuba masa kuɗi, ya kuma gaya wa iyalinsa inda ya ajiye takardun.