Shanu da Rayuka: Tawayen Ayalan na 1641

A daren 22 ga Oktoba 1641, wani basarake ɗan Ayalan mai suna Sir Phelim O'Neill ya kame sansanin Charlemont da ke lardin Ulster, a arewacin tsibirin. Shirin da shi da abokansa suka ƙulla ya haɗa da kame fadar gwamnati a Dublin washegari, amma asiri ya tonu, aka cafke abokan shirin, Lord Maguire da Hugh MacMahon, kafin su motsa. Manyan da suka kitsa tawayen so suke su riƙe garuruwa da sansanoni, su tilasta wa Sarkin Ingila Charles na Ɗaya ya ba 'yan Katolika 'yancin addini, ya kuma tabbatar masu da filayensu. Talakan ƙauye kuwa da nasa lissafin, kuma lissafin nan da garke ya fara.

Tushen rikicin ya girmi ranar da fiye da shekara 30. A 1607 manyan sarakunan Ulster, Hugh O'Neill da Rory O'Donnell, suka bar ƙasar zuwa nahiyar Turai. Sarki James na Ɗaya ya ƙwace filayensu, daga 1609 kuma aka shiga rarraba gundumomi shida ga baƙi daga Ingila da Sikotilan, mabiya Furotesta. 'Yan ƙasa da yawa suka koma 'yan haya a gonakin kakanninsu, wasu aka tura su tuddai da fadamu marasa albarka. Hatta manyan da suka tsira da filayensu, irin su Phelim O'Neill, bashi ya yi masu katutu.

A wurin mutumin Ayalan na wancan zamani, saniya ita ce dukiya. Da ita ake biyan diyya da haraji, da yawanta ake auna girman mutum. Da bazara iyalai kan hau tuddai da garkensu, kamar yadda makiyayan Fulani ke tafiya mashekari, su sauko idan sanyi ya gabato. Kai hari don kore shanun abokin gaba tsohuwar hanyar yaƙi ce tsakanin sarakunansu, har babban labarin jarumtakar ƙasar, Táin Bó Cúailnge, a kan ƙwace wani bijimi aka gina shi. Baƙin kuwa sun zo da irin shanunsu da tumakinsu na Ingila, suka kewaye makiyaya da shinge. Don haka a idon wanda aka raba da filinsa, garken baƙo shaida ce mai ƙafa huɗu ta abin da aka ƙwace masa.

Shi ya sa makonnin farko na tawayen suka zama na kwasar ganima. Mutane kan zo gidan Bature ɗan kaka-gida, sau da yawa maƙwabtansa ne ko 'yan hayarsa ko barorinsa, su kore shanu da dawaki da tumaki, su kwashe hatsi, su ɗauke takardun haya da na bashi. Wani lokaci ba a ma kora dabbobin, sai a karkashe su a bar su a fili, don kawai irin Ingila ne. Wata shaida daga gundumar Mayo ta ba da labarin yadda aka gurfanar da shanun Ingila a gaban kotun wasa, da alƙali da masu taya shi, aka yanke masu hukuncin yanka.

Daga ƙwace dukiya zuwa ɗaukar rai tazarar ba ta da yawa. Bayan an kore dabbobi, akan tuɓe wa masu gida tufafi, maza da mata da yara, a kore su kan hanya a tsakiyar hunturu. Da yawa sanyi da yunwa suka kashe su kafin su isa Dublin ko wani gari mai ganuwa. Da 'yan tawaye suka fara shan kashi a fagen daga, sai kisan gilla ya ƙaru. Mafi shahara shi ne na Portadown a watan Nuwamba 1641, inda aka tura mutane kusan 100 daga kan gada zuwa cikin kogin Bann, aka harbe waɗanda suka yi ƙoƙarin fitowa. Ɗaya ɓangaren ma bai bar takobi a kube ba. A farkon 1642 aka kashe 'yan Katolika fararen hula a Islandmagee, a cikin shekarar kuma sojojin Sikotilan suka yi irin wannan ta'asa a tsibirin Rathlin.

Abin da ya sa aka san wannan labari dalla-dalla shi ne wani aikin rubuta asara. A Disamba 1641 gwamnati ta naɗa kwamitin limaman coci takwas ƙarƙashin Henry Jones, su saurari 'yan gudun hijira bisa rantsuwa. Umarnin farko na lissafa dukiyar da aka rasa ne, shi ya sa shaidu da dama suka fara da adadin shanu da tumaki da kuɗinsu a fam. Daga baya aka faɗaɗa aikin ya haɗa da kashe-kashe. Shaidun sun kai kusan 8,000, a shafi fiye da 19,000 cikin kundi 31, suna ajiye a Kwalejin Trinity da ke Dublin, kuma tun 2010 ana iya karanta su a intanet.

Mai karanta su sai ya yi hattara. Kusan duk daga bakin ɓangare ɗaya suka fito, mai neman diyya kuma yana da dalilin ƙara gishiri. Masana na bambanta abin da mutum ya ce ya gani da idonsa da abin da ya ce an gaya masa, domin manyan alƙaluma galibi daga ji-ta-ji-ta suke fitowa. A Landan ƙasidu suka yaɗa cewa an kashe mutum 154,000, littafin Sir John Temple na 1646 ya kai adadin 300,000, wanda ya zarce yawan Furotestan da ke tsibirin gaba ɗaya. Ƙiyasin da masana tarihi da yawa ke kawowa a yau shi ne kusan 4,000 aka kashe kai tsaye, wasu kusan 8,000 kuma sanyi da yunwa da cuta suka ɗauke. Wato korar mutum daga gidansa da raba shi da dabbarsa da rigarsa ta ci rayuka fiye da takobi.

Alƙaluman da aka kumbura sun yi aikinsu. A Maris 1642 majalisar Ingila ta yi dokar da ta yi alkawarin eka miliyan 2.5 na ƙasar Ayalan ga waɗanda suka ba da rancen murƙushe tawayen. A 1649 Oliver Cromwell ya sauka a Ayalan da rundunarsa daga Ingila, ya kuma kare kisan da sojojinsa suka yi a Drogheda da cewa sakayyar jinin da aka zubar ce, alhali garin bai taɓa faɗawa hannun 'yan tawayen 1641 ba. Dokar 1652 ta buɗe ƙofar ƙwace filaye da tura masu su yammacin kogin Shannon. A 1641 kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar Ayalan na hannun 'yan Katolika; zuwa 1688 abin da ya rage masu bai wuce kashi 22 ba.