Gurbin da Aka Ware da Sunan Ɗan Maruta, Wa Ke Zama a Kai?

Duk shekara in lokacin ɗaukar ɗalibai ya zo, sai tsohuwar gardamar nan ta kwota ta farka. 'Yan Kudu su ce ana danne 'ya'yansu masu ƙoƙari don a ɗauki na Arewa masu ƙarancin maki. Mu kuma mu fusata, mu ce raini ne. Kowa ya faɗi son ransa, a watse. Ba kasafai ake tsayawa a duba yadda tsarin ke aiki ba, balle a tambayi wanda ke cin moriyarsa.

A jami'o'in gwamnatin tarayya, ƙa'idar ita ce a kasa guraben karatu gida uku. Kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla: wanda ya fi maki shi ke shiga, ko daga ina ya fito. Kashi 35 na jihohin da aka jingina wa jami'ar ne, galibi maƙwabtanta. Ragowar kashi 20 an ware wa jihohin da aka ce an bar su a baya a ilimin boko. Jihohin nan 23 ne, wato duka 19 na Arewa, da Ebonyi, Bayelsa, Ribas da Kuros Riba. Ke nan yaron Gwaram ko Birnin Kudu da ya nemi Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, yana da ƙofa uku da zai iya bi. Takwaransa na Anambra ko Ogun da ya nemi jami'ar nan ƙofa ɗaya gare shi.

A makarantun sakandaren gwamnatin tarayya, irin su ta Kiyawa da ta 'yan mata ta Kazaure, bambancin ya fi fitowa fili, domin a can kowace jiha da makin da aka yanke mata. Jerin da jaridu suka wallafa a 2013 shi ne ya fi tayar da ƙura: Anambra 139, Legas 133, Kano 67, Jigawa 44, yaran Yobe maza kuwa maki 2. Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a Nuwamban 2014 Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya a Legas ya ce wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana nuna wariya saboda asalin mutum. Kafin shi ma an yi shari'ar Badejo, ta wata yarinya 'yar asalin Ogun da ta ci maki 293 a jarrabawar 1988 amma ba a kira ta intabiyu ba, alhali an kira waɗanda ba su kai ta ba daga wasu jihohi. Sai 1996 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, lokacin da yarinyar ta daɗe da wuce shekarun shiga aji ɗaya.

Gara mu faɗa wa kanmu gaskiya: kukan iyayen nan ba na banza ba ne. Yaro ɗan shekara goma sha ɗaya da ya ci 130 aka ce ya koma gida bai san komai ba game da tarihin da ya jawo haka. Mu ma da ɗanmu ne, da ba za mu yi shiru ba.

Amma tarihin yana nan. An buɗe makarantar sakandare ta mishan a Legas tun 1859. Makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano sai 1909, Kwalejin Katsina kuwa sai farkon shekarun 1920. Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, Arewa ba ta ga irinsa gadan-gadan ba sai da shirin UPE na 1976 ya zo. Wannan tazara ce ta sa aka shigar da ƙa'idar raba-daidai cikin tsarin mulkin 1979, aka kuma maimaita ta a sashe na 14 na tsarin mulkin 1999. Ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa ba za ta yarda likitocinta da alƙalanta da manyan sakatarorinta su fito daga ɓangare ɗaya ba.

Ba mu kaɗai ke wannan rigima ba, kuma abin da ya faru a Amurka zai taimaka mana mu ga namu da kyau. A can, waɗanda suka yi irin kukan ɗan Anambra su ne Amurkawa 'yan asalin Asiya, wato masu tushe a Sin, Indiya, Koriya da makamantansu. A 2014 wata ƙungiya da Edward Blum ke jagoranta ta kai jami'ar Harvard ƙara, ta ce ana tauye su. Da aka baje takardun jami'ar a kotu, sai aka ga 'yan Asiya sun fi kowa maki a karatu, amma a wani ma'auni da ma'aikatan ɗaukar ɗalibai ke cikewa, na hali da ɗabi'a, kamar kirki da jarumtaka da shiga rai, su ne a ƙasa. Abin mamakin shi ne, tsofaffin ɗaliban jami'ar da ke zama da yaran ido da ido suna yi musu intabiyu sun ba su maki kusan daidai da na Turawa. Masana tattalin arziki biyu suka kara: Peter Arcidiacono ya ce alƙaluma sun nuna tauyewa, David Card ya ce in aka saka dukkan abubuwan da ake dubawa cikin lissafi, tauyewar ba ta tabbata ba. A 2019 Mai Shari'a Allison Burroughs ta wanke Harvard daga wariya da gangan. A ranar 29 ga Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta soke duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai.

Da aka fara aiki da hukuncin, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. A jami'ar MIT, 'yan Asiya a cikin sababbin ɗalibai sun tashi daga kashi 40 zuwa 47, baƙaƙen fata suka faɗo daga 13 zuwa 5. A Yale da Princeton kuwa, kason 'yan Asiyan raguwa ya yi a shekarar farko.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shari'ar wani ne daban. Binciken Arcidiacono da abokan aikinsa ya nuna cewa sama da kashi 43 cikin ɗari na Turawan da Harvard ta ɗauka sun shiga ne ta ƙofofi na musamman: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikata, da waɗanda ke cikin jerin sunayen shugabannin jami'a, inda 'ya'yan masu ba da gudunmawar kuɗi suke. An shekara tara ana nuna wa ɗan Asiya baƙar fata a ce shi ya cinye masa gurbi, alhali ga babbar ƙofar alfarma a buɗe, kuma hukuncin bai taɓa ta ba.

Mu dawo gida da wannan idon. Kwotarmu ba ta tambayar makarantar da yaro ya yi. Abin da take tambaya shi ne asalin ubansa, shaidarta kuwa takardar indijin. Kowa ya san yadda ake samunta: a je wurin mai unguwa ko dagaci ya shaida, hakimi ya sa hannu, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma a buga hatimi. Yaron da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi mai ɗakin gwaje-gwaje da janareta, wanda bai san garin kakansa ba sai ranar salla ko ta'aziyya, takardarsa da ta ɗan manomin ƙauyen Maruta iri ɗaya ce. A gaban kwamfutar JAMB dukansu 'yan Jigawa ne da aka bari a baya, kuma a layi ɗaya za a jera su a ɗauki mai maki mafi yawa.

To dubi abin da ɗan ƙauyen zai ratsa kafin ya kai layin. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Sai ya nemi layin waya nasa na kansa ya tura saƙo a ba shi lambar rajista, ya biya kuɗin fom, ya yi kuɗin mota zuwa gari inda cibiyar take a ɗauki hoton yatsunsa, ya sake komawa ranar jarrabawa, wani lokaci da kwana. Akwai yaran da ranar ce karon farko da za su ɗora hannu a kan kwamfuta, agogo na tafiya a saman allo, suna laluben inda za su danna. Wannan ma wanda ya samu kiredit biyar ke nan, har da Turanci, a makarantar da wataƙila malamin Fiziks ɗaya ke riƙe da ajujuwa duka. Yarinya kuwa sau da yawa ba ta kai nan ba.

Shi ya sa maki 2 ɗin nan da ake mana gori da shi ba ya nufin an cika makarantun tarayya da yaran da ba su iya komai ba. Abin da yake nunawa shi ne ƙarancin masu zuwa jarrabawar shiga makarantun. A 2018 an ba da rahoton cewa yara 28 kacal aka yi wa rajista daga Zamfara, Legas kuwa sama da dubu ashirin. Talakan ƙauye bai ma san ana sayar da fom ɗin ba. Haka kuma, a tsarin da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana a shekarun baya-bayan nan, kashi 60 na guraben makarantun nan na cancanta ne, 30 na daidaiton jihohi, 10 kuma na abin da ta kira buƙatar musamman. Mai karatu ya san ko wane ne ke da buƙatar musamman a ƙasar nan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ɗan ƙauye ake zagi da kwota, ɗan babban gida ke zama a kujerar.

A da lamarin bai kai haka muni ba, domin makarantar gwamnati ce ta kowa. Aliko Dangote, jikan Alhaji Sanusi Dantata, a Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ya kammala sakandare a 1978. Lokacin da ɗan attajiri da ɗan manomi ke cin tuwo ɗaya a makarantar kwana ɗaya, in an ce an ware wa ɗan jiha gurbi, gasar da ke tsakaninsu mai ma'ana ce. Makarantun kimiyya da tsohuwar Jihar Kano ta kafa a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, daga baya da ta Kafin Hausa, sun fitar da likitoci da injiniyoyi daga gidajen da ba a taɓa yin boko ba, kuma da makinsu suka shiga jami'a. Yau manyanmu sun kwashe 'ya'yansu daga makarantun gwamnati, amma ba su kwashe su daga kwotar da aka yi domin 'yan makarantun ba.

Akwai kuma wanda tsarin ke cuta ta ɗaya ɓangaren. Yaron Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi makarantar gwamnati mai yara ɗari a aji, ana auna shi da ma'aunin jihar da bai taɓa zama ba.

Gyaran ba ya buƙatar soke raba-daidai. Abin da ake buƙata shi ne a sauya tambayar, daga ina ubanka ya fito zuwa a wace makaranta ka zauna. Bayanin yana hannun hukuma tuni, domin kowane sakamakon WAEC da NECO na makaranta yana ɗauke da suna da lambar cibiyar da aka rubuta shi. Jihar Texas ta Amurka ta yi doka a 1997 cewa duk ɗalibin da ya fito cikin kashi goma na saman ajinsa, a kowace sakandare a jihar, ta birni ko ta ƙauye, yana da gurbi a jami'o'in gwamnatin jihar. Jigawa na da jami'arta a Kafin Hausa tun 2013, kuma ba sai ta jira Abuja ba kafin ta ware wani kaso na gurabenta ga zakarun kowace sakandaren gwamnati a ƙananan hukumominta 27, matuƙar sun cika sharuɗɗan JAMB.

Za a ce zakaran makarantar ƙauye ba lallai ya iya ja da 'yan birni a aji ɗaya na jami'a ba. Sau da yawa haka ne, kuma wannan ma an taɓa magance shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Zariya a 1970 saboda irin waɗannan yara, ta riƙe su ta cike musu giɓin Turanci da Lissafi da kimiyya kafin su fara digiri. Da yawa daga cikin farfesoshi da manyan ma'aikatan Arewa da yanzu ke tura 'ya'yansu makarantun kuɗi ta wannan ƙofar suka bi.