Mata Bakwai Da Suka Hana A Rushe Tsohon Gari

Yau filin namu zai kai ku wani tsohon gari mai suna Savannah, a Jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, don ku ji abin da mata suka yi a can.

Wani Baturen Ingila, James Oglethorpe, shi ya kafa garin a bakin kogi cikin shekarar 1733. Tun kafin a kafa tubali ya tsara shi unguwa-unguwa. Kowace unguwa aka bar mata dandali a tsakiya, gidaje suna kewaye da shi, aka kuma keɓe filayen coci da na ma'aikatu a gefe. Da gari ya bunƙasa sai aka yi ta bin wannan tsari, har dandalin suka kai 24. A yau 22 ne suka saura, cike da manyan itatuwa masu inuwa, wata irin ciyawa mai kama da gemun tsoho tana reto daga rassansu. A kudu da su akwai lambun shaƙatawa na Forsyth mai faɗin eka 30, da maɓuɓɓugar ruwa wadda aka kafa tun 1858. A bakin dandalin Franklin kuma akwai cocin 'yan Baftis baƙar fata, wanda bayi da 'yantattu suka gina da hannunsu, suka gama a 1859.

Garin nan ya tsira daga yaƙin basasar Amurka, domin Janar Sherman ya shige shi a Disamba 1864 bai ƙone shi ba. To, amma abin da yaƙi bai ci ba, saura kaɗan mota ta cinye. Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu masu hali suka koma sababbin unguwanni a bayan gari, tsofaffin gidaje suka lalace. A 1954 aka rushe tsohuwar kasuwar gari da ke dandalin Ellis, aka gina benen ajiye motoci a wurin. Mutane suka yi ta guna-guni, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Shekara na zagayowa, watau 1955, sai aka ji za a rushe gidan Davenport, wani gidan jan bulo da aka gina wajen 1820, shi ma don a sami filin ajiye motoci. Nan ne fa wata ma'aikaciyar jarida, Anna Hunter, ta tara ƙawayenta shida. Ba su da sarauta, ba su da kujera a majalisar gari. Suka bi 'yan'uwa da abokan arziki suna neman gudummawa, har suka haɗa dala 22,500, suka saye gidan kafin masu rushewa su iso. Daga nan suka kafa ƙungiyar kiyaye tsofaffin gine-ginen garin.

Ku lura da dabarar da ƙungiyar ta ɓullo da ita daga baya. Ta ware asusu guda. In an ga tsohon gida zai salwanta, sai a saye shi da kuɗin asusun, a sayar wa wanda ya sa hannu cewa zai gyara, ba zai rushe ba. Kuɗin su koma asusu, a sayi wani. Da haka kuɗi kaɗan suka ceci ɗaruruwan gidaje. A 1966 Gwamnatin Amurka ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Shi kuwa benen motocin nan, daga baya an rushe shi, aka mayar da dandalin Ellis, aka buɗe shi a 2010. Sai dai kasuwar ta tafi ke nan.

Ku 'yan makaranta, ga naku rabon. A garin nan aka haifi Juliette Gordon Low, wadda ta kafa ƙungiyar 'yan mata 'yan sikawut ta Amurka a 1912 da yara 18 kacal. Ƙungiyar ta sayi gidan da aka haife ta a 1953, 'yan mata daga ko'ina cikin ƙasar suka yi karo-karo aka gyara shi. Har yanzu ana ziyartarsa.

'Yar'uwa, sau nawa kika ga ana ɓarna kika ce wannan maganar maza ce, ko ta hukuma? Da matan nan sun tsaya jiran wani, da yanzu motoci ne a inda gidan Davenport yake. Kuma ki tuna, kasuwar ba ta sami mai tsaya mata ba sai da ta faɗi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. In akwai tsohon gini, ko rijiya, ko itacen inuwa a unguwarku, ki tambayi tsofaffi tarihinsa tun suna da rai, ki sa 'yarki ta rubuta a littafi, ki kuma kai maganar taron ƙungiyarku ta mata.

Allah Ya sa mu dace. Sai mun sake saduwa.